Hazon Ƙarshen Hunturu da Abin da Ke Biyo Bayansa



Akwai wani baƙo da ya saba zuwa mana a nan ƙasar Karaye da Rogo, amma sau da yawa sai ya tarar da mu ba shiri. Watan Fabrairu ya yi nisa, ko ma Maris ya kama, an naɗe barguna an sa a akwati, an fara shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kowa na cewa sanyi ya yi sallama. Kwatsam sai a wayi gari sama ta yi fari fat, iska na kaɗawa daga gabas, rana ta koma kamar faranti, har kana iya kallonta ba ka runtse ido ba. Wannan shi ne hazon ƙarshen hunturu. A wannan darasi za mu duba inda yake fitowa, da yadda ake gane zuwansa, da abin da ya kamata a yi yayin da yake nan. Sannan mu zo kan abin da ya fi muhimmanci, wato abin da ke biyo bayansa in ya yaye.

DAGA INA ƘURAR TAKE?

Ku sani cewa yawancin ƙurar da ke kwanciya a kan allunanku da littattafanku ba ta garinmu ba ce. Matafiyiya ce. A arewacin ƙasar Cadi akwai wani ƙaton kwari da ake kira Bodele, nisansa daga Kano ya haura kilomita 1,000. Shekaru dubbai da suka wuce, Tafkin Cadi ya yi girman da ruwansa ya rufe wannan kwari. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar busasshen laka mai laushi, haɗe da ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa waɗanda ido ba ya gani. Shi ya sa ƙurar hazo take fari-fari kuma take da laushi kamar garin alkama, ba kamar jar ƙurar da mota ke tayarwa a hanyar ƙauye ba.

Wannan kwari yana bakin wata kafa tsakanin duwatsu biyu, Tibesti da Enedi. In iska mai sanyi ta taru a arewacin Sahara, wajen ƙasar Libiya, sai ta danno kudu. Da ta iso tsakanin duwatsun nan sai ta matsu, ta ƙara gudu, kamar yadda ruwa ke ƙara ƙarfi in ya shiga ƙaramar magudana. Nan take kwashe ƙura ta yi sama da ita, ta nufo kudu maso yamma. Cikin kwana ɗaya ko biyu sai ga ta a Kano. Wata ƙurar kuma daga wajen Bilma ta ƙasar Nijar take tasowa.

To, me ya sa hazo ke dawowa bayan an ɗauka ya tafi? Dalili shi ne iska biyu ke karɓa-karɓa a ƙasarmu. Akwai busasshiyar iskar hamada, akwai kuma iska mai laima da ke tasowa daga Tekun Atlantika, wadda ke kawo damina. Daga watan Fabrairu iskar teku takan fara matsowa arewa sannu a hankali. Amma in sanyi ya sake ƙarfi a can arewa, iskar hamada takan yi wani yunƙuri na ƙarshe, ta tura ta teku baya. A watan Maris na 2010 an ga irin wannan. Hazo ya rufe Najeriya har ya kai Legas a bakin teku, aka soke tashin jiragen sama da dama, alhali mutane sun ɗauka hunturu ya riga ya wuce.

Ba mu kaɗai ne sanyi ke yi wa irin wannan kome ba. A ƙasashen da ake dusar ƙanƙara, yunƙurin ƙarshe na hunturu yakan zo musu da guguwa mai tsanani. Daga 12 zuwa 14 ga Maris, 1993, irin wannan guguwa ta bi gaɓar gabashin Amurka, ta rufe hanyoyi da filayen jirgi, mutum fiye da 250 suka rasu. Masu nazarin yanayi sun yi gargaɗinta kwanaki kafin ta iso. Su ƙanƙara, mu ƙura, amma darasin ɗaya ne: wanda ya ji gargaɗi ya shirya, ya fi wanda aka yi wa ba-zata.

YAYA AKE SANIN ZUWANSA?

Tun kafin zuwan rediyo, malamanmu da dattawan manoma suna da lissafinsu na taurari 28, kowane da kwana 13, ɗaya kawai ke da 14, aka kasa su bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. A cikin na ɗari akwai Sa'adu Zabihu da Sa'adu Bula'u da Sa'adu Su'udu da Sa'adu Ahbiya. Wannan lissafi yana nuna maka lokacin da ake ciki da ɗabi'arsa, sai dai ba ya gaya maka cewa jibi hazo zai sauka.

Wannan aikin Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya ne, wadda ake kira NiMet, da aka kafa a 2003. Ma'aikatanta suna duba hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa daga sama. In sun ga ƙura ta tashi a Cadi ko Nijar, sai su auna gudun iska da inda ta dosa, su lissafa lokacin da za ta iso. Sukan fitar da hasashe na kwana uku, gidajen rediyo su karanta.

Wani ɗalibi zai iya tambaya, shin wannan ba shiga sanin gaibu ba ne? A'a. Misalinsa kamar ɗan'uwanka ne da ke Gwarzo ya bugo maka waya ya ce motar kayanku ta wuce shi yanzu, ta nufo Karaye. In ka ce wa mutanen gida nan da awa ɗaya za ta iso, ba gaibu ka faɗa ba, lissafi ka yi da abin da aka gani. Tana iya isowa, tana kuma iya lalacewa a hanya. Haka hasashen yanayi yake, shi ya sa muke haɗa shi da in sha Allahu.

In ka ji an ce a rediyo nisan gani zai ragu ƙasa da mita 1,000, wato kilomita ɗaya, to hazo mai kauri ake nufi. Kai ma kana iya aunawa. Zaɓi wata alama mai nisa da ka saba gani daga ƙofar gidanku, ko hasumiyar masallaci, ko ƙarfen sabis, ko wata doguwar rimi. Ranar da ta fara dushewa, iska kuma ta juya tana busowa daga gabas, leɓɓanka suka fara bushewa, to baƙo ya iso.

YAYIN DA HAZON KE NAN

Hazo mai kauri yakan yi 'yan kwanaki, wani lokaci ya kai mako. Da rana ba a jin zafi sosai domin ƙura ta tare hasken rana. Da asuba kuwa sanyi kan dawo, saboda busasshiyar iska ba ta riƙe ɗumin da ƙasa ta sha da rana. Ga abubuwan da za a kiyaye.

Na farko, wuta. A wannan lokaci komai ya bushe, dannin kara da rumbu da harawar da aka ɗora a kan rufi, ga kuma iska. Tartsatsi ɗaya ya isa. Ku yara masu jin ɗumi da sassafe kafin karatu, kada ku tashi ku bar wuta sai kun kashe ta da ruwa ko ƙasa. Iyayenmu mata kuma, don Allah kada a shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana cikin barci.

Na biyu, numfashi. Ƙurar nan tana da laushin da take wucewa har cikin huhu. Mai asma ya ajiye maganinsa kusa. Tsofaffi da jarirai su rage fita. Wanda zai fita ya rufe hanci da baki da takunkumi, ko rawani, ko gefen mayafi. Kafin a yi shara a yayyafa ruwa, a rufe abinci da randa. A shafa man kaɗe ko basilin a leɓe da ƙafa saboda faso da kaushi.

Na uku, hanya. Direba da mai babur a hanyar Karaye zuwa Rogo, ko ta Gwarzo zuwa Kano, su kunna fitila ko da rana ne, su rage gudu, su bar ƙoƙarin wuce mota in ba sa hango gaba. Masunta da masu fito a madatsar ruwa ta Challawa su ma kada su yi nisa da gaɓa, domin hazo na ɓoye gaɓar, iska kuma na tayar da igiyar ruwa.

BAYAN YA YAYE

Nan ne mutane da yawa ke sakin jiki, alhali nan ne aka fi bukatar kula. Hazon Disamba in ya yaye, sanyi ne ke biyo baya. Amma na ƙarshen hunturu in ya yaye, zafi ne ke jira a bakin ƙofa. Rana ta riga ta dawo kusa da tsakiyar samanmu, ƙura ce kawai ta yi mana laima. Da ta kwanta, cikin 'yan kwanaki sai zafi ya hau, kuma a watan Afrilu ma'auni kan kai digiri 40 a ƙasar Kano.

Wannan tsakani, na ƙura da bushewa da shigowar zafi, shi ne lokacin sanƙarau. Busasshiyar iska da ƙura suna tsattsage fatar cikin hanci da maƙogwaro, shi ya sa wasu ke yin haɓo. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayar cutar tana yaɗuwa ta tari da atishawa, musamman inda mutane da yawa ke kwana a ɗaki ɗaya ba iska. Iyayenku ba su manta da 1996 ba. A shekarar mutum fiye da 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, Kano na cikin inda abin ya fi tsanani, har Saudiyya ta dakatar da shigar maniyyatan Najeriya.

An samu sauƙi daga baya. A 2011 aka fara allurar rigakafin nau'in da ya yi waccan ɓarna. Sai dai cutar iri-iri ce, domin a 2017 wani nau'in daban ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato da Katsina. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar. Saboda haka in ma'aikatan lafiya sun zo, a fito da yara.

Ku haddace alamominta kamar yadda kuke haddace karatu: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske, da ruɗewa ko suma. Ga jariri kuwa, maɗigarsa kan kumbura, ya ƙi nono, ya yi ta kuka. In an ga haka kada a ce bari mu gani zuwa gobe. Sanƙarau na iya kisa cikin kwana ɗaya, wanda ya tsira kuma in an makara yana iya rasa jinsa. A garzaya asibitin Karaye ko na Rogo, ko mafi kusa. A gida kuma a buɗe tagogi, a rage cunkoso a ɗakin kwana, a yawaita shan ruwa. In azumi ya faɗo a wannan lokaci, kamar yadda ya faɗo a watan Maris na 2024 da 2025, a sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur.

GA MANOMA

Hazo ba sharri ne zalla ba. Ƙurar da yake zubarwa tana ɗauke da sinadaran da ke ƙara wa gona ƙarfi, sanyinsa kuma alkama da tumatir na sonsa. Amma masu noman rani su sani, da zarar ya yaye ƙasa za ta riƙa bushewa da wuri, sai a ƙara ban-ruwa, a yi shi da safe ko da yamma.

Sa'an nan kada zafi da hadarin farko su ruɗe mu. Wani lokaci akan samu ruwa ɗaya a Afrilu, mai gaggawa ya fita da iri, sai kuma a ɗauke mako biyu ko uku, shuka ta ƙone. A wannan yanki damina ba ta cika zama da gindinta ba sai wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni. NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, sai a saurara, a kuma tambayi malamin gona. Kafin nan, lokaci ne na kai taki gona, da gyaran rufi da indararo, domin ruwan farko da iska mai ƙarfi yake zuwa.

Ya kai ɗalibi, ya ke ɗaliba, ga aikin gida. Ku samu ɗan littafi ku riƙa rubuta kwanan wata, da inda iska ta fito, da ko kun hango alamar nan da kuka zaɓa. In kun yi haka shekara biyu ko uku, za ku riga kowa a gidanku gane hazo tun yana hanya. Ku kuma karanta wa iyayenku wannan bayani, musamman alamomin sanƙarau, domin rigakafi ya fi magani.

Allah ya kare mu da iyalanmu, ya kai mu damina lafiya, amin. Wassalamu alaikum.