Tsaro a Mainika: Laifukan da ba sa shiga littafin 'yan sanda

Idan aka yi zancen rashin tsaro a Jihar Kano, hankalin mutane yakan tafi kan faɗan daba da ƙwacen waya a unguwannin birni irin su Ɗorayi da Kurna da Sheka. Amma mazauna yammacin jihar nasu lissafin daban ne.

Mainika ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Gwarzo, tare da irin su Getso da Kutama da Lakwaya da Kara. Gwarzo tana iyaka da Jihar Katsina, kuma titin da ya taso daga Kano ya ratsa Rimin Gado da yankin Kabo, ya shiga Gwarzo, sannan ya wuce Dayi a Katsina. Wannan hanya ce ke kai amfanin gona kasuwa, kuma ta nan ne labarin abin da ke faruwa a maƙwabta ke isowa.

Abin da alƙaluma suka nuna

A watan Disambar 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta fitar da sakamakon binciken da ta yi gida-gida kan laifuka tsakanin Mayun 2023 da Afrilun 2024. Ta ƙiyasta cewa an aikata laifuka kusan miliyan 51.9 a faɗin Najeriya, kuma Arewa maso Yamma ce kan gaba da kimanin miliyan 14.4.

Rahoton ya jawo taƙaddama sosai, amma akwai abu biyu a cikinsa da suka shafi gari irin Mainika kai tsaye. Na farko, laifukan da aka ƙiyasta a karkara, kimanin miliyan 26.5, sun ɗara na birane, miliyan 25.4. Na biyu, cikin gidajen da aka yi wa fashi, kusan kashi 36 cikin 100 ne kawai suka kai rahoto wurin 'yan sanda.

Ke nan mafi yawan abin da ke faruwa ba ya shiga rajistar caji ofis. Manomin da aka kwance wa tunkiya, ko aka ɗebe masa dawa a rumbu, yakan auna kuɗin babur zuwa ofishin 'yan sanda da yinin aikin da zai rasa, sai ya gwammace ya kai maganar gaban mai unguwa ko dagaci. Sau da yawa a nan ake kashe ta, musamman idan wanda ake zargi ɗan gari ne.

Sulhun gida yana da amfani, amma yana da tsada. Hukuma tana duba rahoton da ke hannunta ne idan za ta raba jami'ai da motocin sintiri. Garin da ba ya kai ƙara, a takarda lafiya lau yake.

Barazanar da ta matso

A ƙarshen 2025, 'yan bindiga sun kai jerin hare-hare ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, inda suka sace mutane tare da kore dabbobi. A farkon Nuwamba, rundunar sojin Najeriya ta ce ta kashe 'yan bindiga 19 a wata arangama a Shanono, ita ma ta rasa sojoji biyu.

Shanono maƙwabciyar Gwarzo ce. Mazauna yankin da dama sun danganta hare-haren da sulhun da wasu ƙananan hukumomin Katsina suka yi da 'yan bindiga, suna cewa an rufe musu ƙofa can, sai suka juyo nan. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, in ji masu iya magana.

Illar irin wannan hari ba ta tsayawa a garin da aka shiga. Mai shanun huɗa yakan fara tunanin sayar da su kafin a zo a kore su. Ɗan kasuwa ya rage fita da asuba. Wanda ya samu kuɗin amfanin gona ya riƙa ɓoye samunsa, don tsoron masu kai wa ɓarayi bayani.

Matakan gwamnati

Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaronta ta al'umma tun Oktoban 2023, ƙarƙashin Gwamna Dikko Umaru Radda. A Kano kuwa, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu kan dokar kafa rundunar tsaron unguwanni a 2025, kuma a Disambar shekarar aka ƙaddamar da jami'anta 2,000.

Idan aka raba wannan adadi daidai tsakanin ƙananan hukumomi 44, kowace za ta samu kusan mutum 45. A Gwarzo mai mazaɓu 10, hakan bai kai mutum biyar a mazaɓa ba. Saboda haka inda za a tura su ya fi yawansu muhimmanci, kuma nan ne rahoton mazauna ke da tasiri.

Abin da ke hannun mazauna

A ƙauyuka da yawa 'yan sintiri ne ke kwana a waje, galibi da tocila da sanda, kuma da karo-karon jama'a ake sallamar su. Aikinsu yana ƙara kyau idan dagaci da DPO sun san sunan kowa a cikinsu, sannan duk wanda suka kama su miƙa shi ga 'yan sanda.

Kanawa sun san ɗacin ɗaukar doka a hannu. A watan Maris na 2025, an kashe mafarauta 16 'yan arewa, akasarinsu daga Ƙaramar Hukumar Bunkure, a garin Uromi na Jihar Edo, bayan 'yan sintiri sun tare motarsu bisa zargin masu satar mutane ne. Tsoro yana iya mayar da baƙon kirki abin zargi a ko'ina.

Akwai kuma matakan da ba sa cin kuɗi. Mai gida ya sanar da mai unguwa kafin ya sauki baƙo ko ya ba da haya. Mai babur ya adana takardar sayensa da lambar inji. Mai waya ya rubuta lambarta ta IMEI, wadda ake gani idan an danna *#06#. Dillalan dabbobi su tambayi asalin dabba kafin ciniki, domin ɓarawo ba ya sata sai ya san inda zai sayar.

Sannan ko an sasanta magana a zauren dagaci, babu abin da zai hana a rubuta ta: ranar da abin ya faru, abin da aka ɗauka, da hanyar da aka bi. Littafi guda a hannun kowane mai unguwa, da za a riƙa kai wa hakimi da DPO duk wata, zai ba Mainika hujjar da za ta riƙe idan ta je neman ƙarin jami'an tsaro.