Hanya ta gyaru, saura masu tuƙi

Duk wanda ya tsaya bakin gadar Kennedy da sanyin safiya zai ga yadda birnin Yamai ya tumbatsa. Ga taksi, ga faba-faba, ga babura, ga amalanken jakuna, ga kuma ɗalibai da ma'aikata suna ƙetara kogi tsakanin Harobanda da tsakiyar gari. A shekara ta 1970, lokacin da aka buɗe wannan gada, motocin garin ba su taka kara sun karya ba. Amma ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum fiye da miliyan ɗaya zaune a babban birnin ƙasar.

Hukuma ba ta naɗe hannu ba. An buɗe gada ta biyu a 2011, sannan ta uku, mai sunan Janar Seyni Kountché, a 2021. An gina gadar sama ta Mali Bero a 2013, da ta Diori Hamani a 2018. A 2014 aka yi sabuwar dokar hanya, akwai kuma hukumar ANISER wadda aka ɗora wa nauyin kiyaye haɗurra. To, me ya sa har yanzu ma'aikatan kashe gobara ba su daina kwasar masu rauni zuwa asibiti ba?

Amsar tana ƙarƙashin ƙafar direba. Kwalta mai faɗi da santsi takan ruɗi mai tuƙi, ya ga kamar filin sukuwa ne. Bari mu yi lissafi kaɗan. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin mita 14 cikin daƙiƙa ɗaya. Mai gudun kilomita 80 kuwa tana cin mita 22. Kafin direba ya hangi yaro, ya ɗaga ƙafa, ya taka birki, wajen daƙiƙa ɗaya ta wuce. Bayan haka, idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da mota ke ja kafin ta tsaya yakan ninku sau huɗu. Wannan ba batun gwaninta ba ne, ba kuma batun sabuwar mota ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace asara. Tsakanin masu shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya kai shi kisa. Hukumar ta ce mai tafiya a ƙasa, idan motar da ta buge shi tana gudun kilomita 65, haɗarin mutuwarsa ya ninka sau huɗu da rabi bisa na wanda aka buge a gudun 50. Mai riƙe da wayar salula yana tuƙi kuwa, haɗarinsa ya ninka wajen sau huɗu.

Halayen da ke jawo wannan masifa ba ɓoyayyu ba ne. Mai taksi ya tsaya tsakiyar hanya don ya ɗauki fasinja. Mai babur ya goya matarsa da ƴaƴa biyu, babu mai hular kwano ko ɗaya. Wani ya ga jar wuta, ya waiga bai ga ɗan sanda ba, sai ya wuce abinsa. Ranar rakiyar amarya kuwa, samari su yi ta wasa da motoci, har gidan buki ya koma gidan makoki. Uba ya miƙa wa ɗansa mabuɗi alhali bai da parmi. Idan abin ya faru sai a ce ƙaddara ce. Gaskiya ne rai na hannun Allah, amma ba a ce mutum ya rufe ido ya faɗa rijiya ba.

Ga ma'aikatan hukuma, akwai nauyi biyu. Na farko, kada parmi ya shiga hannun wanda bai ci jarrabawa ba, kada kuma a ɗage tara saboda sanayya ko na goro. Na biyu, motar gwamnati ta zama abar koyi, domin idan ta ƙetare jar wuta, da wane baki za a tsawata wa mai taksi? Haka nan a kula da fitilun mararraba, a shata wa masu ƙafa wurin ƙetarawa gaban makarantu da kasuwanni irin su Katako da Wadata.

Ku kuma da kuka yi yaƙi da jahilci, ku karanta wa maƙwabta wannan bayani. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙudurta rage mace-macen hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030, amma rabin nan daga ƙofar gidan kowa zai fara. A ɗaura bel, a sa hular kwano, a ajiye waya, a sassauta ƙafa. Hausawa sun ce tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah ya kai kowa gida lafiya.