A Ranar Rajista Ake Neman Sassauci wa Ɗalibi Mara Lafiya

Iyaye da yawa ba sa tunawa da lalurar ɗansu sai ranar da ya shiga zauren jarrabawa ya kasa. A lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe, don mai sa ido ba shi da ikon ƙara minti ɗaya bisa ra'ayin kansa. Hukumomin WAEC da NECO da JAMB suna da tanadi ga masu buƙata ta musamman, amma sai wanda aka sanar da su halinsa tun wajen rajista yake cin moriyarsa.

WAEC tana buga takardun tambayoyi da rubutun makafi, da kuma masu manyan haruffa saboda masu raunin gani irin su zabiya, tana kuma ƙara musu lokaci. JAMB kuwa tun 2017 ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola wanda ke shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na musamman, ciki har da Kano. Wannan ba alfarma ba ce. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta tsaya musu.

Inda gizo ke saƙar shi ne ciwon da ido ba ya gani: sikila, farfaɗiya, asma, ciwon suga. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu sikila, amma sau nawa ake tambayar ɗan aji shida ko yana da ita? Yaron da ƙishirwa ke iya tayar masa da ciwo yana buƙatar gorar ruwa kusa da shi da izinin zagayawa. Mai suga yana buƙatar ɗan abin taɓawa idan jikinsa ya fara rawa. Mai asma kuwa kada a raba shi da abin shaƙarsa a ƙofa da sunan bincike. Abubuwa ne ƙanana, sai dai idan babu takarda a ƙasa, ana iya ɗaukarsu dabarar satar amsa.

Tun da makaranta ce ke yi wa ɗalibanta rajistar WAEC da NECO, shugaban makaranta za a fara samu. A karɓo rahoton likita mai hatimin asibiti, wanda ya faɗi ciwon da abin da yaron ke buƙata ƙarara, a haɗa da wasiƙa, a ajiye kwafi. Maganar baki ba ta isa.

Na san abin da ke hana wasu: tsoron a ce 'yarsu tana da farfaɗiya, kada maganar ta bi ta har lokacin aure. Tsoron ba na banza ba ne, amma shugaban makaranta ɗaya ya sani a asirce ya fi a ce ta faɗi a gaban ɗalibai cike da zaure, ba wanda ya san abin yi.

Idan ciwo ya hana yaro rubuta wata takarda, akwai jarrabawar masu zaman kansu da WAEC da NECO ke yi a ƙarshen shekara. Iyaye, ku je makaranta tun zangon farko na aji shida.