Hoton Kaya a Kasuwar Maigatari: Gyaransa Ba Sai da Manhaja Mai Tsada Ba

Duk ranar Alhamis kasuwar dabbobi ta Maigatari, a bakin iyakar Jihar Jigawa da Jamhuriyar Nijar, takan cika da shanu da raƙuma da dawaki da tumaki, wasu daga ƙasar Damagaram, wasu daga ƙauyukan masarautar Gumel. A da sai mai saye ya tako da ƙafarsa, ya shafa gadon bayan sa, ya buɗe bakin rago ya duba haƙora. Yanzu ciniki da dama a waya yake farawa: dillali ya ɗauki hoton dabba ya tura ta WhatsApp zuwa Kano ko Legas, sannan a fara tayi. Haka masu riɗi da zoɓo na Gagarawa da Sule Tankarkar suke yi da samfurinsu. An kafa yankin ciniki mara shinge na Maigatari a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki domin kayan wannan yanki su kai ga masu saye na nesa, kuma mai saye na nesa hoto yake fara gani kafin kaya. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, kafin a sake buɗe ta Maigatari tare da wasu uku, 'yan kasuwa sun ga yadda ake iya tsayar da ƙafa da mota alhali saƙon waya yana wucewa. Saboda haka iya gyara hoto ya shiga cikin kayan sana'a, kuma ra'ayina shi ne ɗan kasuwar wannan yanki ba ya bukatar kashe ko sisin kwabo a kan manhaja kafin ya iya shi.

Gyaran da hoton kaya yake bukata bai wuce abu huɗu ba: datse gefe don a fitar da abin da bai shafi ciniki ba, miƙe hoton da ya karkace, daidaita haske, da daidaita launi. Dalili kuwa idon waya bai kai idon mutum ba. Da tsakar rana, farin rago balami yakan fito fari fat har ba a ganin kwanciyar gashinsa, baƙin sa kuma ya koma dunƙulen duhu. Lokacin hunturu ƙura takan dusashe komai. Farin riɗin da aka ɗauka a ƙarƙashin shuɗiyar tamfol ko jan ƙwan lantarki yakan fito da wani launi dabam, mai saye ya zaci gauraye ne ya rage farashi. Duk waɗannan ana magance su da abin gyaran da ya zo a cikin ma'ajiyar hotuna ta wayoyin Tecno da Infinix da itel da Samsung. Wanda ke son ƙari sai ya sauke Snapseed, manhajar da Google ya mallaka tun 2012 yake kuma bayar da ita kyauta, wadda ke aiki ko babu data. Dabara mai sauƙi ita ce a ajiye farar takarda kusa da samfurin riɗi kafin a ɗauka, sannan a nuna wa manhajar cewa wannan takarda ita ce fari, sai sauran launuka su koma yadda suke a zahiri.

Wani zai ce araha ba ta ado, abin kyauta ba zai kai Photoshop ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin babban kamfanin ɗab'i ko na tallace-tallace yana da ayyukan da Photoshop ya fi dacewa da su. Sai dai tun 2013 kamfanin Adobe, mai Photoshop, ya koma tsarin biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara, kuma wanda ribarsa ta naira ce ya san nauyin kuɗin da ake ƙiyastawa da dala. A gefe guda akwai GIMP, manhajar gyaran hoto ta kyauta, wadda wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara a 1995, masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suka ci gaba da raya ta, har aka fitar da zubi na 3 a watan Maris na 2025. Mai shagon kwamfuta a Gumel da ke yi wa ɗaliban Kwalejin Ilimi hoton fasfo, yana rage nauyinsa don ya shiga fom ɗin intanet, yana tsara katin biki da allon talla, zai yi duk wannan da GIMP a kan tsohuwar kwamfuta. Manhajar da ta shekara talatin ana aiki da ita ta wuce a kira ta abin wasa.

Wani kuma zai ce ai ana samun Photoshop ɗin da aka fasa a filashi, kyauta ko da ɗan abin goro. Wannan ɗaukar haƙƙin wani ne ba da izininsa ba, kuma irin waɗannan kwafi sanannen abu ne cewa sukan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta masu satar bayanai. Kwamfutar da ke ɗauke da takardun shaidar jama'a da lambobin asusunsu amana ce, bai kamata a jefa ta cikin wannan haɗari ba alhali ga halal a hannu.

Hasali ma, yawancin hotunan da suka lalace ba rashin manhaja ne ya ɓata su ba. Gilashin kyamarar da ya kwana a aljihu da ƙura da maiƙo ba zai ba da hoto garau ba sai an goge shi. Hasken hantsi da na la'asar sun fi na tsakar rana laushi, kuma gara rana ta kasance a bayan mai ɗauka. Hoto irin na JPEG yana rasa wani abu na ingancinsa duk lokacin da aka gyara shi aka sake adanawa, don haka a riƙa ajiye na asali. WhatsApp ma yana matse hoto don rage cin data, shi ya sa ya fi kyau a tura samfur a matsayin takarda, ko a zaɓi HD da aka ƙara a 2023.

Ƙorafin da ya fi duka nauyi shi ne na masu cewa gyaran hoto yaudara ce. Amsar tana cikin niyya da iyaka. Gyaran da ya mayar da hoto kamar yadda ido ya ga kayan adalci ne ga mai saye da mai sayarwa. Amma wanda ya goge miki daga jikin ragon layya, ko ya ƙara wa zoɓon da ya koɗe ja, ko ya share tsakuwa daga cikin riɗi, ya yi algus, daidai da mai zuba mai kyau a bakin buhu ya ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa. Addini ya hana, kasuwa ma ba ta yafewa, domin ranar da mota ta sauke kaya gani zai kori ji, kuma mutuncin Maigatari gaba ɗaya ne zai zube a idon baƙo.

Abin da ya rage shi ne koyarwa. Ƙungiyoyin dillalai da na masu riɗi, da ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, da malaman kwamfuta na makarantunmu, za su iya tara matasa na yini biyu ko uku su nuna musu waɗannan dabaru da wayoyin da ke hannunsu. Ya kai mai sana'a, goge gilashin wayarka, ka nemi haske mai kyau, ka gyara hotonka da abin da kake da shi, kuma kada ka tura wa kowa hoton da ya fi kayanka kyau.