Kula da tsofaffi a gida a Ostireliya: hidimar da ba a biya, kuma ba a nema

Tun ranar 1 ga Nuwamba 2025 da gwamnatin Ostireliya ta fara aiki da sabon shirinta na kula da tsofaffi a gidajensu, mai suna Support at Home, magana ɗaya ke yawo a bakin jama'a: kyauta ta ƙare, yanzu komai sai tsoho ya sa hannu a aljihu. Masu faɗa ba su rasa madafa ba. Wanda aka turo masa mai shara ko mai yankan ciyawa zai biya wani kaso, daga kashi 17.5 cikin ɗari ga mai karɓar cikakken fanshon gwamnati, har kashi 80 ga mai wadatar da ke riƙe da kansa. Hidimomi irin su kai mutum unguwa ko asibiti kuwa suna tsakanin kashi 5 da kashi 50.

Abin da jita-jitar ta haɗiye shi ne rukuni na uku, wato kulawar lafiya. A nan tsoho ba ya biyan ko sisi, attajiri ne ko talaka. Cikin wannan rukuni akwai nas, akwai likitan gashin ƙashi, akwai kuma wani ma'aikaci da iyalai da yawa ba sa tunawa da shi sai an tsinci mahaifiyarsu a ƙasan banɗaki. Shi ne ƙwararre kan ayyukan yau da kullum, wanda a can ake taƙaita sunansa da OT.

Mutane na yawan rikita shi da likitan gashin ƙashi. Likitan gashin ƙashi yana duba ko gwiwa na lanƙwasuwa, ko ƙafa na ɗaukar jiki. Shi kuwa OT gida yake zuwa, ya ce Baba ya tashi daga kan gado ya gani, ya bi shi hanyar da yake bi zuwa banɗaki cikin dare, ya lura da inda fitila ba ta kai ba, da bakin darduma da ya naɗe, da tudun da ake tsallakewa kafin a shiga wurin wanka. Yana auna tsawon masai, ya ga ko tsohuwa na iya miƙewa ba tare da ta jawo abin rataye tawul ba. Yana kallon yadda take ɗaga tukunyar ruwan zafi, da yadda take saka maɓallin riga. Idan akwai ciwon mantuwa, yana duba murhu da ƙofofi da inda ake ajiye magani, ya kuma koya wa mai jinya yadda za ta ɗaga majinyaci ba tare da ta samu ciwon baya ba. Aikin karatun jami'a ne, kuma tun 2012 ba wanda ke amsa wannan suna a ƙasar sai mai rajista da hukumar ƙasa.

Me ya sa ake wannan bin diddigi? Saboda faɗuwa. Kusan ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma a Ostireliya ba wani rauni da ke kwantar da tsofaffi a asibiti kamarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a duniya duk shekara, kuma 'yan sama da shekara 60 ne suka fi yawa. Karayar ƙugu guda kan raba tsoho da gidansa har abada. A 2023 cibiyar Cochrane ta fitar da wani nazari ƙarƙashin jagorancin Farfesa Lindy Clemson ta Jami'ar Sidni, wanda ya tattara gwaje-gwaje daga ƙasashe daban-daban. Ya nuna cewa bincikar gida da kawar da abubuwan da ke kayar da mutum na rage faɗuwa da kashi 26 cikin ɗari, kuma ga waɗanda suka fi shiga haɗari, kamar wanda ya taɓa faɗuwa ko aka sallamo shi daga asibiti kwanan nan, ragin ya kai kashi 38.

Duk da haka, a tsohon tsarin, hukumar binciken da aka kafa a 2018 kan kula da tsofaffi ta gano cewa kusan kashi 2 cikin ɗari kaɗai na kuɗin kulawar gida ke tafiya wajen irin waɗannan ƙwararru. Sauran ya tafi a shara, wanka, kai-da-kawo da kuɗin gudanarwa. Dalilin a fili yake. Mai shara ana ganin aikinta kowane mako, shi kuwa ƙwararren ya zo sau biyu ko uku, ya yi ta aune-aune da tambayoyi, ya rubuta rahoto ya tafi, sai 'ya'ya su ce an ci kuɗi a banza, ai ƙarfen dafawa ana sayar da shi a kanti. To, wannan tamkar ɗakin da ke yoyo ne, mai gida na ƙara jera kwanuka kowace damina, yana ganin kiran magini ɓarnar kuɗi ce. Kwanukan na da amfani, amma rufin na ci gaba da ruɓewa. Ƙarfen da aka kafa a inda hannu ba ya kai, ko aka ɗaure shi a jikin allon bango maimakon katakon da ke bayansa, ranar da aka dogara da shi zai ci amana. Tsohuwar da aka sama mata kujerar wanka da ta dace, aka koya mata shiga da fita, wataƙila ta ci gaba da yin wankanta da kanta, ta tsira da sirrinta, kuɗin mai taimako kuma ya koma wata buƙatar.

Hanyar samun wannan hidima daga My Aged Care take farawa, wato ƙofar da gwamnati ta buɗe don duk hidimar tsofaffi. Mai shekara 65 ya cancanci nema, ko 50 ga 'yan asalin ƙasar da mutanen tsibiran mashigin Torres. Za a turo mai tantancewa, sannan a sanya mutum a ɗaya daga matakai takwas, mafi girma kusan dalar Ostireliya 78,000 a shekara lokacin da aka fara shirin, ana sakin kuɗin duk wata uku. Akwai asusu na daban don kayan taimako da gyaran gida, mai hawa uku: dala 500, dala 2,000 da dala 15,000. Manyan kaya da gyare-gyare, irin su gangaren keken guragu ko sake fasalin banɗaki, ba a amince da su sai ƙwararre ya rubuta, kuma galibi wannan ƙwararren OT ne. Ashe wanda ake ganin ɓarnar kuɗi shi ke riƙe da makullin asusun. Akwai kuma tsarin farfaɗowa na har mako 16 ga wanda ƙarfinsa ya fara ja baya, inda ake haɗa masa ƙwararru su mayar da shi kan ƙafarsa.

Amma a fahimci abu biyu. Na farko, rashin biya daga aljihu ba ya nufin kuɗin daga sama yake faɗowa. Ziyarar ƙwararren ta yau da kullum daga kason mutum na wata uku ake cire ta, don haka mai ƙaramin mataki dole ya yi lissafi. Kayan da aka rubuta ma ana biyan kaso a kansu gwargwadon hali. Na biyu, mai tantancewa abin da ya ji kuma ya gani yake rubutawa. Dattijon da aka tambaya yaya jiki ya ce da sauƙi, ya ɓoye cewa ya zame sau biyu a wata don kada a ce ya gaza, ya rage wa kansa rabo da bakinsa. Iyalan da suka yi ƙaura can daga ƙasashenmu sun san wannan kawaici. Ya kamata ɗa ko 'ya su zauna a wurin ranar tantancewa, kuma akwai tafinta kyauta ga wanda Turanci ke ba shi wuya.

Su ma mahukunta suna da nasu. Hukumar binciken ta bayyana cewa sama da mutum 16,000 sun rasu cikin shekara guda, zuwa Yunin 2018, suna jiran kulawar da aka riga aka amince musu. Ta miƙa shawarwari 148 a 2021, sabuwar doka ta zo a 2024, shirin da aka ce zai fara a Yulin 2025 aka ɗage shi zuwa Nuwamba, alhali sama da mutum 80,000 na kan layi. Sai da 'yan majalisar dattawa suka matsa kafin gwamnati ta amince a Satumba da sakin gurabe 20,000. A ƙauyuka da garuruwa masu nisa, ko kuɗin ya fito, samun ƙwararren da zai yi tattaki wani jiran ne.

Cire wa tsofaffi biyan kuɗin kulawar lafiya shawara ce mai kyau, kuma gwamnati ta cancanci yabo a kanta. Amma amfanin bincikar gida yana ga zuwansa kafin faɗuwa, don haka abin da za a auna shirin da shi shi ne watanni nawa tsoho ke jira tsakanin kiran waya da zuwan ƙwararre. Kafin a gyara wannan, abin da ke hannun iyali shi ne su nemi a rubuta buƙatar OT a cikin tsarin kulawa tun ranar tantancewa, kada su jira sai asibiti ta nema musu.