Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Abin Da Ya Raba Kwamfutar Wasanni Da Kwamfuta Marar Nauyi

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ke shirin shiga jami'a, ko malamin da ya daɗe yana tara 'yan kuɗinsa, idan ya shiga shagon masu sayar da kwamfutar tafi-da-gidanka, akan ajiye masa iri biyu a gabansa. Ta farko kakkaura ce mai nauyi, da ramukan shan iska a gefenta da bayanta, maɓallanta na ƙyalli launi-launi. Ita ce ake kira kwamfutar wasanni. Ta biyu siririya ce, kaurinta bai kai na littafin lissafi ba, ana iya ɗaga ta da hannu ɗaya. Sau da yawa kuɗinsu kan yi kusa da juna, mai saye kuma ba shi da halin ɗaukar duka biyun. Wadda ya zaɓa, da ita zai zauna shekara huɗu ko biyar, ko ta yi masa daɗi ko ta zame masa kaya.

A nan ne mai hankali zai tambaya: me ya hana masu ƙera su haɗa ƙarfin ta farko da rashin nauyin ta biyu a na'ura guda? Amsar tana cikin darasin kimiyya da kowane ɗalibin sakandare ya sani, cewa makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama.

Inda Ƙarfin Yake

A cikin kowace kwamfuta akwai babban masarrafi, wanda ake taƙaita sunansa da CPU. Shi ke bin umarni ɗaya bayan ɗaya cikin matuƙar sauri. A kwamfuta marar nauyi, sashen da ke zana hoto a kan allo ƙarami ne, kuma yana cikin jikin wannan masarrafin. Ita kuwa kwamfutar wasanni tana da masarrafi na biyu mai zaman kansa, wato GPU, wanda babban aikinsa lissafin hoto ne. Kamfanin Nvidia na Amurka ne ya yayata wannan suna a 1999, lokacin da ya fitar da GeForce 256.

Domin a gane nauyin aikinsa, sai a yi ɗan lissafi. Allon kwamfuta da aka saba gani yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla ɗigo 2,073,600. Idan ana son motsi ya tafi sumul, sai a sauya hoton sau 60 a daƙiƙa guda. Ke nan dole a lissafa launin ɗigo sama da miliyan 124 a kowace daƙiƙa. Allon wasanni mai sauyawa sau 144 kan kai adadin kusa da miliyan 300. Babban masarrafi ya yi kama da 'yan ƙwararrun malamai masu warware tambaya mai wuya, shi kuwa masarrafin hoto kamar dubban ɗalibai ne da aka raba wa ƙananan lissafi suna yi a lokaci guda.

Bai kamata a ɗauka cewa amfanin wannan ƙarfi ya tsaya ga wasa ba. A 2012, masu bincike a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada sun horar da manhajar gane hotuna mai suna AlexNet da masarrafan wasanni guda biyu, kuma nasarar da suka samu na cikin abubuwan da suka buɗe ƙofar ƙirƙirarriyar basira ta wannan zamani.

Kowane Wat Zafi Ne

Tun a shekarun 1840 masanin Ingila James Prescott Joule ya nuna cewa lantarki, idan ya ratsa waya, zafi yake haifarwa. Kusan duk lantarkin da kwamfuta ta sha, a ƙarshe zafi yake komawa. Ma'aunin saurin shan lantarki shi ne wat. Masarrafin kwamfuta marar nauyi yakan yi aiki da wat 15 zuwa 28, kuma idan rubutu kawai ake yi, na'urar gaba ɗayanta ba ta cika wuce wat 10 ba. A manyan kwamfutocin wasanni kuwa, masarrafin hoto shi kaɗai yana iya shan wat 175, ban da abin da babban masarrafi ke sha. Shi ya sa cajarsu kan zo da ƙarfin wat 230 zuwa 330, alhali cajar ƙaramar ba ta cika wuce wat 65 ba.

Duk wanda ya taɓa kai hannu kan tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 bayan ya jima a kunne, ya san zafinsa. Kwamfutar da ke shan wat 240 tana fitar da zafin irin waɗannan ƙwayaye guda huɗu, kuma mafi yawan zafin daga 'yan faya-fayen silikon yake tasowa, waɗanda kowannensu bai fi kan sarki na wasiƙa faɗi ba.

Wani abin lura kuma shi ne, sauri da shan wuta ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Kafin masarrafi ya ƙara sauri, sai an ƙara masa ƙarfin turin lantarki, wanda ake aunawa da bolt. Shan wutar kuwa yana hawa ne da murabba'in wannan turi: idan aka ninka turin sau biyu, shan wuta zai ninku sau huɗu. Saboda haka ƙarin sauri na ƙarshe shi ya fi kowane tsada ta fuskar zafi.

Yadda Ake Fitar Da Zafin

Idan zafin masarrafi ya doshi digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas, na'urar da kanta take rage gudu domin kada ta lalace. Don kauce wa haka, akan ɗora wa masarrafin wasu bututaye na jan ƙarfe, a liƙe, da ɗan ruwa kaɗan a ciki, an kuma zuƙe iskar da ke cikinsu. Ruwan da ke kusa da masarrafi sai ya zama tururi, ya kwashi zafin ya tafi ɗaya ƙarshen bututun, inda fanka ke hura iska ta tsakanin siraran faya-fayen ƙarfe. A can tururin zai huce ya koma ruwa, ya dawo ya sake ɗiba.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Da ita randa ke sanyaya ruwa, domin danshin da ke tsattsafowa ta jikinta yana ɗauke zafi yayin da yake bushewa. Da ita kuma Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yi amfani wajen tukunya cikin tukunya mai adana kayan lambu, wadda ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Bambancin kawai shi ne, a cikin bututun kwamfuta ruwan ba ya tsere wa ko'ina.

To, zafi mai yawa yana bukatar bututaye masu yawa, da fanka biyu ko fiye, da sararin da iska za ta ratsa. Nan ne asalin kauri da nauyi da ƙugi. Kwamfutar wasanni kan kai kilo 2 zuwa 3, cajarta kuma wani lokaci ta kusa kilo guda. Marar nauyi kan tsaya tsakanin kilo 1 da 1.4. Har akwai wadda ba ta da fanka ko ɗaya, kamar MacBook Air da kamfanin Apple ya fitar a 2020 da masarrafin M1.

Iyakar Batir

Osborne 1, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko da aka yi domin ɗauka, ta fito a 1981 da nauyin da ya haura kilo 10, kuma babu batir a cikinta. Abin da ya sauya al'amarin shi ne batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Masana uku da suka aza harsashinsa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun sami lambar Nobel ta kimiyyar haɗa sinadarai a 2019.

Duk da haka batir yana da iyaka. Ana auna abin da yake ɗauka da wat-awa, wato adadin wat da zai iya bayarwa na tsawon awa guda. Ƙa'idar sufurin jiragen sama ba ta yarda fasinja ya shiga da batirin da ya wuce wat-awa 100 ba sai da izinin kamfanin jirgi, don haka masu ƙera kwamfuta kan tsaya a 99.9. Idan aka raba 99 da 200, za a ga cewa kwamfutar wasanni, in da za ta saki dukkan ƙarfinta, rabin awa kawai za ta yi. Shi ya sa da zarar an cire ta daga wuta take rage ƙarfinta da kanta. Ƙaramar kuwa, mai batirin wat-awa 55, idan tana shan wat 6, za ta haura awa 9. Ashe ƙarfin da aka biya kuɗi dominsa yana tare da soket ɗin bango ne.

Zafin Bazara Da Ƙurar Hunturu

Zafi yana gudana ne daga wuri mai zafi zuwa wuri mai sanyi, kuma gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu, gwargwadon saurin gudunsa. Masarrafi mai digiri 95 a ɗaki mai digiri 25 yana da tazarar 70. A ɗaki mai digiri 40, kamar yadda akan samu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu, tazarar ta koma 55. An yi asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na ikon sanyayawa ke nan. Kamfanin Apple ma ya ƙayyade cewa a yi amfani da kwamfutocinsa na tafi-da-gidanka a yanayin da ke tsakanin digiri 10 da 35.

Hunturu kuma da nasa sharrin. Fankar da ke zuƙar iska mai yawa, ƙura mai yawa take zuƙa, wadda kan toshe tsakanin faya-fayen ƙarfe, sai an riƙa buɗewa ana sharewa. Ga kuma matsalar ɗaukewar wuta: ƙaramin farantin sola da batirinsa za su riƙe kwamfuta mai cajar wat 45 ba tare da wahala ba, amma mai wat 280 sai babbar inbata ko janareto.

Wa Ya Dace Da Wacce?

Ɗalibin da aikinsa bai wuce rubutu da karatun littattafai da bincike a intanet da koyon rubuta manhaja da harshen Python ba, ko yin atisayen jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, marar nauyi ta wadatar da shi. Haka ma malamin da ke zagaya azuzuwa yana shirya darasi da sakamakon jarrabawa. A wurinsu, awannin batir sun fi ƙarfin da ba za su taɓa amfani da shi ba.

Amma mai karatun zanen gine-gine ko injiniyanci da zai riƙa gina siffofi masu tsawo da faɗi da zurfi, da mai tace finafinai, da mai zanen katun da manhaja irin Blender, su kam masarrafin hoto kayan aiki ne a gare su, muddin suna da tsayayyar wuta da teburin zama. Kwamfutar wasanni tana da wata fa'ida kuma: galibi ana iya buɗe ta a ƙara mata ma'adanar aiki da ake kira RAM, alhali a yawancin sirara an liƙe ta da dalma, yadda aka saya haka za a ƙare da ita. Don haka mai sayen siririya ya kyautu ya nemi mai gigabait 16 tun farko.

Makarantu kuwa suna da hanya ta uku. Kwamfutar tebur tana da sararin sanyaya kanta, kuma da kuɗi ɗaya takan fi ta tafi-da-gidanka ƙarfi. Guda biyu ko uku a ɗakin gwaje-gwaje za su ɗauke wa ɗalibai da yawa manyan ayyuka.

Kammalawa

Kafin a miƙa kuɗi, akwai tambayoyi uku da mai saye zai amsa wa kansa: wane aiki ne mafi nauyi da zai riƙa yi kowane mako, awa nawa yake samun wuta a rana, kuma tafiyar minti nawa zai yi da jaka a bayansa? Sannan ya juya cajar ya karanta adadin wat da aka rubuta a jikinta, ya nemi adadin wat-awa na batirin. Waɗannan lambobi biyu sun fi hasken maɓallai da daɗin bakin mai shago faɗin gaskiya game da na'urar. Hausawa sun ce daidai ruwa, daidai tsaki.