Bama-baman Fasa Filin Jirgin Sama

Jirgin yaƙi, komai gudunsa, ba ya da kataɓus idan titin da zai tashi a kai ya farfashe. Sai dai lalata titin ba abu ne mai sauƙi ba. Dogo ne amma siriri, ga kankare mai kauri, don haka bam na gama-gari ko dai ya kauce, ko ya haƙa ramin da za a cike cikin 'yan sa'o'i.

Faransa ta ƙera bama-bamai musamman don wannan aiki, irin su Durandal da BAP 100. Jirgi kan sake su yana tafiya ƙasa-ƙasa. Lema ta buɗe ta rage wa bam gudu har kansa ya dubi ƙasa, sannan roka ta ingiza shi ya huda kankaren, ya fashe daga ƙarƙashi. Titin ya kumbura ya tsattsage, gyara ya zama jan aiki.

Yankin Tafkin Chadi ya shaida wannan. Ranar 16 ga Fabrairun 1986, jiragen Jaguar na Faransa suka taso daga Bangui suka yi wa Wadi Dum, filin da Libiya ta gina a arewacin Chadi, ruwan BAP 100. Washegari wani jirgin Libiya ƙirar Tu-22 ya rama a filin jirgin Njamena, birnin da kogi ne kawai ya raba shi da Kuseri ta Kamaru.

Aibin waɗannan makamai shi ne ba sa bin saiti da kansu. Dole matuƙi ya bi ta kan titin, a bakin bindigogin kakkaɓo jirage. A yaƙin Iraƙi na 1991 Birtaniya ta yi asarar jiragen Tornado a irin wannan hari, sai ta koma sakin bam daga can sama, wanda ke bin hasken leza da aka haska wa wurin. Amurka ce ta fara amfani da irinsa a Biyetnam a 1968. Amma gajimare da ƙura kan tare hasken, kuma duk wanda ya san hazon hunturu a Sahel ya san girman wannan cikas. Bam ɗin JDAM, da aka fara jefawa a Yugoslabiya a 1999, tauraron ɗan'adam ne ke masa jagora, hazo bai dame shi ba.

Idan ana maganar kare filin jirgi daga irin wannan hari, a arewacin Kamaru filin da ya fi muhimmanci shi ne na Garwa, inda sansanin sojin sama yake da jiragen Alpha Jet. A Disamban 2014 sojin saman Kamaru suka kai wa Boko Haram hari a Ashigashiya, a 2015 kuma Amurka ta sanar da tura sojoji kusan 300 da jiragen leƙen asiri marasa matuƙi, aka girke su a Garwa. Daga wannan fili ne kuma alhazan arewacin ƙasar ke tashi zuwa Saudiyya, saboda haka tsaronsa ya shafi farar hula kamar yadda ya shafi soja.